Kilo Biyu da Rabi

Barira ta aiko da awon ƙafar yaron a waya:
tafin jariri bisa farar takarda,
an zagaye shi da bik.
Nafi'u ya riƙe mini wayar, na auna da tsinke,
na yanko fata daga majemar Birni,
wadda ta sha bagaruwa,
karan dafi ya ba ta ja.
Shekara arba'in ina ɗinka wa ƙafafun Damagaram,
ban taɓa yi wa ƙafar da ban riƙe ba.

Kakarsa ta leƙa kwalin, ta ce wannan abin kunya ne,
takalmi biyu kamar kunnen akuya
su ƙetare teku su kaɗai?
Ta daka kuka, ta tankaɗe sau biyu,
ta ƙulle daddawa a leda uku saboda wari,
ta aike ni Dole na sayo kilishi,
ta cusa kwalbar humra a tsakiya,
ta ce, ɗiyata ta san hannuna.

Ofishin aike yana da sanyin randa.
Yaron da ke kan tebur, Tasi'u,
na san ubansa, ni na yi masa kube.
Ya gaishe ni da hannu biyu,
sannan ya sa reza ya farke abin da muka ɗaure.

Nama ba ya shiga ƙasarsu, Baba.
Ya ajiye kilishin gefe.
Ruwa ba ya hawa jirgi.
Ya ajiye humrar gefe.
Ya ɗaga ƙullin kuka, ya daɗe yana kallo,
ya ce, me zan rubuta wa mutanen duwan?
Na ce rubuta miya.
Ya ce babu gurbin miya a takardar.

Sikeli ya ce kilo biyu da rabi.
Na'ura ta ce jaka sittin da takwas.
Na ce ɗana, da wannan ai sai in sayi tunkiya,
duk abin da ke ciki bai kai jaka biyar ba.
Ya ce ba kayan ake biya ba, nisan ne.
Na yi shiru.
Nisan kam na san tsadarsa tun kafin a kawo sikeli.

Ya ba ni lamba doguwa kamar carbi.
Kullum bayan la'asar Nafi'u ya karanta mini:
ya kwana Yamai.
Ya sauka wani gari da ban iya faɗa ba.
Ya tashi. Ya sake sauka.
Ni da ban wuce Maraɗi ba,
ga ɗinkina yana canza jirgi kamar ɗan kasuwa.
Sai ya tsaya.
Kwana goma sha tara a hannun duwan na Manreyal,
ana binciken kukar tsohuwa.

Ran da ya isa ina kan tabarma ina zare basilla.
Barira ta kira, hoton yana yankewa,
ta sa hanci cikin kwalin, ba ta ce komai ba,
ta daɗe a haka.
Sannan ta jawo ƙafar yaron.
Yatsu sun shiga, diddige ya ƙi.
Ta tura, ya tsala ihu,
ya fizge takalmin ya kai baki.

Ta ce Baba, ya yi kaɗan.
Na ce na gani. Yaro ba ya jiran duwan.
Bar shi ya tauna, fatar gida ce,
ta nan ma ana sanin gari.

Humrar tana kan taga, kakarsa ta hana a taɓa.
Kilishin kuwa tun a ranar muka cinye ni da Tasi'u
a bakin ofis, ƙarƙashin bedi.
Yanzu na yanka wata fatar,
na ƙara yatsa biyu a kan awon,
ɗaya na hanya,
ɗaya na mutanen duwan.