Taku Goma

A shagona na Marina, inda nake buga wa mutane takardu,
igiyoyi sun cukurkuɗe ƙarƙashin tebur kamar saiwar gamji.
Ɓera ya ci biyu, zafin bazara ya gasa ɗaya.
Ran Laraba sai ga ɗiyata Luba da kwali a hammata,
ta ce, Baba, ga linzami, ga sifika, ba ruwansu da igiya.
Na ce, linzamin da ba ragama,
wane doki za shi bi?

Ta yi dariya, ta danne wani ɗan maɓalli
har fitila shuɗiya ta soma ƙyafta ido.
Ta ce, yanzu yana sallama,
saura kwamfuta ta amsa.
Bulutut sunan abin.
Sharaɗinsa kaɗan ne:
kowa ya buɗe ƙofarsa a gan shi,
kuma kada a wuce taku goma.
In aka yi nisa, sai magana ta tsinke.

Wata 'yar da'ira ta yi ta juyi a fuskar gilashi
kamar akuya a turke,
sannan sunaye suka fito, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.
Ga linzamina. Ga wayar Modi mai shayi.
Ga wata da ba suna, lambobi zalla.
Can ƙasa kuma:
Lawali Tela.

Ƙanena ne, ciki ɗaya.
Bangon bulo guda ya raba shagunanmu,
ina jin kekensa na ɗinki tun hantsi har magariba.
Damina biyu ba mu gaisa ba
a kan rabon fadamar Kwalkwalawa,
kadada guda da 'yan kunyoyin albasa.
Ashe kullum sifikarsa a buɗe take kwana,
tana neman wanda zai kira.

Luba ta ɗauki muryata don gwaji,
ta ce in faɗi komi.
Na ce, kana ji na?
Ta nuna mini inda zan taɓa,
ta fita sayen ruwan sanyi.

Ni dai na san sunan sifikata, yana sama.
Shekara talatin ina buga haruffa,
yatsana bai cika kuskure ba.
Amma ranar ya sauka ƙasa.

An haɗa, in ji kwamfuta.

Sai muryata ta tashi a bayan bango,
da ƙarfi, a tsakiyar yadudduka da zare:
Kana ji na?

Keken ɗinki ya tsaya.
Fanka na juyi, ba ta kore komi.
Wani mai babur ya wuce da hon.
Na ƙirga numfashina har bakwai.

Daga can, ba ta sifika ba,
ta kafar da ƙwarya-ƙwaryar ginin ta bari a sama,
aka ce: Awo. Ina jin ka.
Rage ƙara, akwai mutane.

Luba ta dawo da leda biyu na ruwa,
ta leƙa gilashi, ta ce, Baba, ba taka ka haɗa ba,
bari in cire.
Na ce, bar shi tukuna.
Miƙa masa ɗaya, taku shida ne.