Minti Arba'in a Trabzon

Ƙarfe tara ya dira, fari sol,
kamar balbela a bakin teku.
Kujera goma, fasinja ɗaya.
Ya sauko da waya a kunne,
baƙar mota ta haɗiye shi tun a gindin matakala,
ba layi, ba mai cewa buɗe jakarka.

Sai ni, Nazife, da bokiti da tsumma.
Tuncay matuƙi ya nuna mini agogo:
minti arba'in, 'yar'uwa.

Na tuɓe takalmi a ƙofa.
Ba doka ba ce, dardumar ce ta fi katifata laushi.

An ce ganyen shayi ya zo saye.
A otal ɗin kan tudu za a yanke farashi kafin azahar,
sannan a kai shi ya ga tafki,
a ɗauke shi hoto cikin gajimare.
Ƙanena Cevdet yana can sama da almakashi,
ruwa na dukan gadon bayansa tun asuba,
buhu shida, gwiwa ɗaya mai ciwo.
Bai san mai faɗin kuɗin guminsa
ya bar rabin burodi a teburin nan ba.

Ga kofi. Na sansana.
Shayi ne, amma ba namu ba,
na wata ƙasa, ya huce.
Ko kurɓa biyu bai yi ba.

Ranar da muka kai Baba Istanbul ganin likita
kwana muka yi a bas, awa goma sha bakwai,
kansa a kafaɗata, yana ƙirga garuruwa.
Tuncay ya ce su awa ɗaya da rabi.
Ina goge taga
ina lissafin da bai kamata in yi ba.

To, na zauna. Me zan ɓoye?
Kujerar ta karɓe ni kamar ta san ni.
Ta 'yar tagar na hango dutsenmu,
hayaƙi na tashi inda nake zaton gidan Inna.
Daga nan komai ƙarami ne,
alhali ko tashi ba mu yi ba.

Na miƙe, na shafe gurbin zamana,
na zubar da shayin.
A jakata akwai ƙullin ganyen Cevdet, tsinkar watan Mayu.
Na ajiye kusa da buta, ban rubuta suna ba.

Saura minti uku.
Takalmana na ƙofa,
ruwan sama ya cika ɗaya.