Launin da Ganye Ya Mayar

A bakin Mayo Tsanaga, ƙasa da Marwa,
inda kogi ke zama yashi wata bakwai,
babana yana da garka, taku arba'in,
da rijiyar da yake sake tonawa duk rani.

Shekarar da zana ta yi tsada,
rana ta soma lasar irin tumatir
tun yana ganye biyu.
Ya tafi wurin Goggo Barmani mai hayar rumfar biki,
ya dawo da yagaggun ledoji uku a bayan keke:
ja, shuɗiya, koriya.

Irin da ya fi so, na sefa dubu biyu,
shi ya kafa wa koriyar.
Ya ce, "Ganye kore ne. Jini ba ya ƙin jini."
Sauran ya watsa su ƙarƙashin ja da shuɗiya
kamar baƙin da suka iso bayan an raba ɗakuna.

Ni ke ban ruwa da asuba.
Ƙarƙashin ja hannuna na mahauci ne,
ƙarƙashin shuɗiya na marini.
Koriyar kuwa sanyi-sanyi, kamar cikin kwalba,
nakan daɗe a can, guga na jira.

Kwana ashirin.
'Yan shuɗiya gajeru, ƙafa da kauri, ganye ya yi duhu,
sun kafe kamar 'yan kokawa.
'Yan ja sun ɗara su tsawo, suna sauri.
Amma 'yan gata,
'yan gatan koriya,
sun zama zare, fatau kamar mai jinya,
wuyansu duka ya karkata
wajen wata 'yar huda da ƙaya ta yi,
suna rububin ɗigon rana guda.
Na taɓa ɗaya, ya kwanta.

Baba ya zargi taki.
Ya zargi mai iri, ya zargi ruwan rijiya,
daga baya ya zarge ni.

Sai Dudu, autarmu, mai zuwa makaranta a Domayo,
ta cika tasa da ruwa,
ta jingina fasasshen madubin Inna a ciki.
Bakan gizo ya hau bangon bukka yana rawa.
Ta ce, "Baba, farin hasken nan dami ne,
ga shi na kwance maka igiyar.
Ganye yana ci, amma yana zaɓe.
Ja yake sha, shuɗi yake sha,
da su yake girki da ruwa da iska.
Koren, ɗan taɓawa yake yi, ya turo saura,
shi ke faɗowa cikin idonmu.
Kai kuma ka tare tuwo, ka tare miya,
ka miƙa masa abin da ya saba turewa."

Baba ya kalli bango har ruwan tasa ya natsu.
Bai ce ta yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne.
Ya tashi ya kwance koriyar,
ya ninke ta huɗu, ya ɗaure a sirdin keke.
Can da yamma, yana wanke ƙafa, na ji ya ce,
ba da ni ba, ba da kowa ba:
"Shekara talatin ina duban ganye,
ashe ragowar akushinsa nake duba."

Daga irin sefa dubu biyu, tara suka rayu.

Yanzu ina Garwa, ina gyaran babura.
Idan damina ta sauka, bakin Binuwai ya yi shar,
mutane kan ce, dubi yadda ƙasa ta sha kore.
Nakan yi shiru.
Na san abin da ta sha ba ya ganuwa,
ya shige kara, ya shige saiwa.
Abin da ta mayar mana ne
muke kiran ta da shi.