Ɗaki na Bakwai

Jirgin ƙasa ya sauke ta a Shoranur kafin asuba,
shekara saba'in da ɗaya, jaka guda,
laima mai karyayyen haƙarƙari.
Sunanta Sulabha. Ba ta tambayi farashi ba,
sakatar ƙofa ta fara jijjigawa,
sau biyu, daga ciki.

Ni ce Thankamani, mai tausa.
Na san wannan kallo:
na macen da ta zuba tokar miji a kogi
ta koyi ƙirga canjinta da kanta.

Likita ta riƙe wuyan hannunta, ta daɗe shiru.
"Maganin hawan jininki, kar ki ajiye.
Namu ɗan rakiya ne."

Na ɗumama man riɗi,
na ɗiga a fatata kafin tata.
Gwiwoyinta na kuka kamar tsohon ƙyaure,
damina na dukan ganyen kwakwa.

Da yamma ɗiyarta ta kira daga Pune:
"Wa ke tare da ke?"
Ta dubi ƙafafunta masu sheƙin mai.
"Ni," ta ce.

A kwana na tara ta manta da sakata.
Na ƙwanƙwasa, na ce, "Uwa, kulle."