Kwana Tara Kafin Layya

Teburina na bakin tashar Tawa,
wayoyi arba'in a kansa suna shan wuta.
Ni ke karanta wa mutane saƙo
in harafi ya fi ƙarfin idonsu.

Saura kwana tara layya
Tamo ta iso, mayafi a hannu, tana haki:
"Illa, duba mini.
Wai jika talatin sun faɗo wayata bisa kuskure,
mai su na kuka, na maganin uwarsa ne,
ya rantse har sau uku, ya ce in yi sauri."

Na buɗe asusun. Dala biyu,
su ɗin da ta bari tun watan jiya.
Saƙon ya sha ado da lambobi,
amma daga wayar mutum ya fito, ba ta kamfani ba.
Na ce, tulun da ba a zuba wa ruwa ba,
me za ki ɗebo ki mayar?
Wayar ta sake kuka, na ɗauka.
Da ya ji muryar namiji, ya kashe.

Washegari ga tsoho Alkasum, ko barci bai yi ba.
An kira shi da tsakar dare:
an kama ɗanka a Abijan,
jika hamsin kafin azahar, kada ka gaya wa kowa.
Na ce, Baba, mu kira yaron da kanmu.
Yaron ya ɗauka, baki cike da abinci:
"Lafiya dai?"
Tsoho ya nemi benci, gwiwa ta ƙi shi.

Daga nan kaina ya fara girma.
A fada, in an aza shayi,
muryata ke sama:
mu ba a yi mana, mun san kan tsiya.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar dabbobi.
Wani mai farin rawani, carbi har gwiwa,
riƙe da balami, ciki kamar ganga.
"Na jika ɗari da ashirin ne,
amma kawo tamanin,
motar Abalak na shirin tashi."
Ban buɗe bakin ragon ba.
Ban shafa ƙashin bayansa ba.
Ban kira Jadi mahauci ba,
ga shi can, taku goma, yana wasa wuƙa.
Na ƙirga, na miƙa, na ja igiya
ina dariyar wanda ya yi asara.

Dare ɗaya ya isa.
Gishiri aka ba shi, aka ɗura masa ruwa.
Da asuba turke ya zama tabki,
ganga ta sace,
haƙarƙari a fili, yara na ƙirgawa.
Habsu ta tsaya da buta a hannu, ta daɗe tana kallo:
"Mai karatun saƙo,
wannan fa, me ya ce?"

Na zauna a bakin turke ina tunani.
Mai kuka, mai kiran dare, mai rawani,
bakinsu ɗaya: yi sauri.
Na ji ta a kunnen Tamo, na gane ta,
na ji ta a kunnen Alkasum, na gane ta,
da ta zo nawa, sanye da araha,
sai na yi mata shimfiɗa.

Da la'asar aka yi sallama.
Tamo ce, da kwanon dusa a kai.
"Na ji labari. Saura kwana biyar,
ba shi ya ci, ko ya ɗan rufa ƙashi."