Kwana Uku Ba Mu Ga Dutsen Ba

Ranar Talata muka wayi gari babu dutsen Teide.
Ba gajimare ne ya ɓoye shi ba.
Sama ce ta rine, ta koma launin tsatsa,
rana ta zama kamar tsohon kwabo,
kana dubanta ido da ido, ko ƙiftawa ba ka yi.

"Kalima ta iso," in ji Nieves ta bayan katanga,
tana kwashe shanyarta da ta yi ja kafin ta bushe.

Babana Eladio shekara arba'in ya yi yana noman ayaba
a gangaren Orotava.
Shi ya koya mini cewa ƙurar nan baƙuwar arziki ce:
ta tsallako teku daga Sahara, ba jirgi, ba takarda,
ta sauka a gona ta zama taki.
A da har hularsa yakan cire mata.

Yanzu zuciyarsa tsohon famfo ce,
tana ja, tana hutawa, tana ja.
Ruwan da ta kasa turawa yakan taru a idon sawunsa,
in na danna da yatsa, ramin ya daɗe bai cike ba.

Na jiƙa tawul na toshe ƙasan ƙofa.
Na rufe taga, na bi ramukanta da tsumma.
A banza.
Wadda ake gani ita ke tsayawa a waje,
wadda ba a gani ta riga ta zauna a ƙirjinsa.

Laraba, sikeli ya ce saba'in da ɗaya.
Alhamis, saba'in da uku,
alhali bai ci komai ba sai romo marar gishiri.
Shi da dankalin da ake dafawa da gishirin teku
har fatarsa ta yamutse
sun yi sallama tun bara, bai daina kewarsa ba.

Matashin kai biyu, sannan uku,
daga baya ya ce a bar shi a kujera.
Kanarin da ke keji ya yi shiru tun safe.
Cikin dare na zauna ina ƙirga numfashinsa,
wani sauti kamar ana taka busasshen ganyen ayaba.
Ya ce, "Guacimara, buɗe mini tagar nan, iska nake so."
Na ce babu iska a waje, Baba.
Ya dube ni kamar ni na ɓoye ta.

Ƙarfe huɗu na asuba motar asibiti ta zo,
fitilarta tana iyo cikin jan duhu.
A barandar asibiti gado yana bin gado,
tsofaffin tsibirin nan duk sun hallara ba gayyata,
kowa da robar iska a hanci.
Wata nas mai suna Yaiza ta ce mini,
"Mu ba ma jiran sanarwa.
Da mun ga sama ta sauya, sai mu ƙaro gadaje."
Ta yi masa allurar fitar da ruwa,
ta rubuta wani abu a bayan hannunta, ta wuce.

Juma'a iska ta juyo daga arewa.
Dutsen ya dawo wurinsa kamar bai je ko'ina ba.

Sai Litinin aka sallamo shi, ya rame, yana tafiya da bango.
Bai tambayi abinci ba, bai tambayi kanari ba.
Ya tsaya gaban ayaba ɗaya tilo da ta rage mana a tsakar gida,
ya shafi ganyenta, yatsansa ya yi ja.
Ya daɗe yana kallon yatsan.

Na ɗauko bokiti zan wanke ganyen.
Ya riƙe hannuna, riƙon da ba ƙarfi a ciki.
"Bar mata," ya ce, ya tsaya ya nemi numfashi.
"Ita tana so."