Tarin Ladan

Daren Laraba ne, an ɗauke wuta a Birni,
duwatsu na amayar da zafin da suka sha da rana,
ina kan tabarma, kaye a buɗe, darasi ya ƙi shiga,
sai salula ta yi haske a ƙarƙashin zanena.

Hotonsa ne. Shi dai wanda duk ajinmu
muke haddace maganarsa ta fim kamar karatu.
Ya ce: Barira, na ga bidiyonki,
cikin dubu, ke kaɗai idona ya tsaya a kai.
Na karanta sau bakwai.
Tuwona a kwano ya kwana.

Kwana tara muna hira.
Ya san lissafi ke ba ni wuya,
ya san babana na Agadas, sai wata-wata yake aike.
Ni na zuba masa duka da hannuna
kamar mai watsa gero ga kazar da ba tata ba.
Shi kuwa, me na sani nasa?
Abin da duk mai salula ya sani.

Na ce mu yi kiran da ake ganin fuska,
ya ce kamara ta fashe.
Na sake, ya ce suna wurin aiki, an hana.
Ya turo mini katin jika guda, ban roƙa ba.
Sai kuma: kar ki faɗa wa kowa, mahassada sun yi yawa.
Sai kuma: turo hoto ba kallabi.
Sai kuma: turo wani, wanda ni kaɗai zan gani.

Tafin hannuna ya jiƙe.
Na ce, in kai ne, in ji muryarka.
Ya turo ƴar gajera, ƙasa-ƙasa, wai mura yake yi.

Iya Fanna na gefe tana jan carbi.
Shekara shida rabon idonta da haske,
amma tana gane ɗan ga-ruwa da kukan kurarsa,
tana gane mai shigowa da takunsa.
Ta ce: sake kunna wannan.
Na ce: ba kowa ba ne, Iya.
Ta ce: ban tambaye ki shi ba, bayansa nake saurare.

Na sake. Can bayan muryar
kiran isha'i ne ke tashi,
kuma dab da hayya alas sala
tari biyu, gajeru, busassu.
Ta ce: Malam Brah ke nan,
shekara talatin yana wannan tari a lasifika.
Baƙon naki yana ina?
Na ce: Kano.
Ta ce: ashe tarin ladaninmu har Kano yake kaiwa yanzu.

Ban yi kuka ba
sai da na tuna na faɗa masa hanyata ta lakwal,
lungun bayan famfo, bakwai saura kwata,
da kalar hijabina.

Iya ba ta yi faɗa ba.
Ta laluba ta kamo kafaɗata, ta ce:
wanda ya ce ki ɓoye shi ga naki
ya san abin da ke cikin buhunsa.
Kunyar tasa ce, kar ki ɗaukar masa.

Ba mu goge ko harafi ba.
Da safe kawu Mutari ya ɗauke ni a babur
muka kai wa ƴan sanda salular yadda take.
A aji na buɗe baki, murya na rawa.
Habsu ta sunkuyar da kai.
Zuwaira ta miƙo mini tata, na karanta:
cikin dubu, ke kaɗai.

Har yau ina kallon fim ɗin.
Mai fuskar bai san akwai wata Barira a Damagaram ba,
kuma hakan bai rage ni da komai ba.
In isha'i ta yi na ji tarin nan biyu,
sai in ce: Allah ya ƙara lafiya, Malam,
amma ya bar maka tarin.